A-kori-kurar dizal da ke ƙin tashi da safe: me aka tarar a taku?

Mai 2KD

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux mai injin 2KD, ta haura kilomita 240,000. Yau mako uku ke nan, kullum da safe sai na yi ta murza makulli, kik yana juyawa amma injin ya ƙi kamawa. Sai a karo na uku ko na huɗu take tashi, ta yi ta jijjiga, ta fesa farin hayaƙi na kamar rabin minti, sannan ta daidaita. Da ta tashi kuwa shi ke nan har dare, in kashe in tayar, bugu ɗaya. Ba wata fitila da ta kama a gabana. Na kai wa bakanike, ko sufana bai ɗauka ba ya ce nozul ne, wato masu fesa mai cikin silinda, a canja duka huɗun. Ban ƙaryata shi ba, amma da motar nan nake ciyar da iyali, kuma nozul huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Don Allah wanda irin wannan ta taɓa samu ya gaya mini abin da aka tarar a tasa bayan an buɗe.

Direban Gona

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa nozul yi wannan gobe da safe. Buɗe bonet, a saman filtar mai akwai ɗan famfon hannu da ake dannawa. Danna shi kafin ka sa makulli. Idan ka ji shi da taushi, sai ka danna sau goma ko fiye kafin ya yi tauri, to man ya sulale ya koma tanki cikin dare. In ya yi tauri ka tayar. Idan ta kama bugu ɗaya, ka san inda ciwon yake.

Ni wata biyu na yi ina fama da wannan. Abin da ya ruɗe ni shi ne ko ɗigon mai babu a ƙasa, ni kuwa ina ganin in akwai huji dole mai ya zuba. Ashe daga tanki zuwa babban famfon mai na injin tsotso ake yi, ba turi ba, don haka hujin ba ya zubar da mai, iska yake sha. Abin da ya tona asirin shi ne wurin ajiya. Ranar da na ajiye ta hancinta na kallon gangara, tanki ya fi injin tudu, da safe ta tashi lafiya lau. Ranar da hancin ya kalli sama sai ta ƙi. Muka cire tiyon da ke tsakanin filta da famfo muka sa farin tiyo wanda ake ganin cikinsa, sai ga kumfa na bin juna. Robar cikin famfon hannun ce ta tsage. Aka canja kan filtar, magana ta ƙare.

Tsohon Bakanike

Direban Gona ya faɗi gaskiya, amma ɗana, bari in ba ka abin da za ka raba gardama da shi tun kafin ka kwance komai. Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa in an fesa shi. Saboda haka abu uku yake nema da safe: kik ya juya shi da sauri, cikin silinda ya yi zafi, mai ya iso a kan lokaci. Ɗaya ya gaza, ba za ta tashi ba.

Ka sa wani ya murza makulli, kai ka tsaya a baya ka kalli salansa. Idan tun tana juyawa farin hayaƙi na fita, mai warin ɗanyen dizal da ke sa ido yaji, to mai yana shiga, ƙonewa ce ba ya yi. Nan sai ka nemi hita (sandunan da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar), batir ko matsin silinda. Idan kuwa tana ta juyawa salansa ba ta fitar da komai, sai daf da za ta kama hayaƙin ya zo, to man ne bai iso ba. Hanya biyu ce dabam, kuma duk wanda ya ce maka nozul ne bai tsaya ya kalli wannan ba, ya yi gaggawa.

Sannan taka ba irin tsofaffin nan ba ce kamar 3L da 5L. 2KD tana tara mai a bututu guda da matsi mai tsanani, kuma kwamfutar motar ba za ta buɗe nozul ba sai matsin ya kai wajen bar 200 zuwa 300 (bar ma'aunin matsi ne) lokacin da kik ke juyawa. Ɗan iska kaɗan ya isa ya jinkirta hakan. Wani abu kuma, ka riƙe shi da kyau: kada ka bari kowa ya sassauta notin bututun nozul injin yana aiki, wai don a fitar da iska, yadda muke yi wa tsofaffin. A waɗannan matsin yana haura bar 1,000, man na iya huda fata ya shige cikin nama. Hannu ake rasawa a kan haka.

Mai L200

Tawa hita ce. Tsohuwar L200 mai injin 4D56 gare ni, kuma da sanyi ya shigo ta fara irin wannan. Fitilar hita tana kamawa ta mutu yadda ta saba, shi ya sa na daɗe ban zarge su ba. Ashe fitilar ba ta san ko hitocin na da rai ba. Muka cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, muka auna kowace da mita: biyu sun nuna kusan om 1, wato suna da rai, biyu ba su nuna komai ba, sun mutu. Silinda biyu ke kamawa su ja sauran, shi ne jijjigar da hayaƙin. Na canja duka huɗun.

Shawara ɗaya: a kwance su injin na da ɗumi, a zuba man sassauta tsatsa tun da dare kafin ranar aikin, a bi a hankali. Ta huɗun ta kusa karyewa a ciki, kuma da ta karye sai an ɗaga kan injin.

Tsohon Bakanike

Haka ne, sai dai tsohuwar 4D56 ta fi dogara da hita, don a wani ɗan ɗaki take fesa mai kafin ya shiga silinda. 2KD kai tsaye take fesawa kan fistin, in ba sanyi sosai ba takan tashi ko da hita ɗaya ta mutu. Mai 2KD ya auna su dai, aikin minti goma ne.

Mai Wayarin

Baba ya ambaci saurin kik, ni nan zan tsaya, don shi mutane suka fi rainawa. Mai mota zai ce maka ai tana juyawa, batir lafiya. Juyawa dabam, juyawa da saurin da ake bukata dabam. In fistin ya hau a hankali, zafin iskar yana tserewa cikin sanyin ƙarfe kafin mai ya zo. An taɓa kawo mini wata da aka riga aka canja mata filta da hita, har an kai famfo gwaji. Batirin ya nuna bolt 12.6 a zaune, lafiya ke nan. Da aka murza makulli na auna a jikin kik ɗin kansa, wutar da ke isa can ta faɗi ƙasa da 9. Wayar da ta haɗa injin da jikin mota ce ta yi tsatsa a ƙarƙashin noti. Na kankare na ɗaure, mai motar ya ce sautin kik ɗin ma ya canja. Ka auna batir yana cikin juya injin, kada ya sauka ƙasa da 9.6. In kana da batirin da ka yarda da shi, haɗa shi gobe da safe ka ji bambanci.

Mai 1KD

Ni kam a tawa mai injin 1KD nozul ɗin ne da gaske, don kada a ce bakanikenka ba shi da hujja ko kaɗan. Amma alamun ba su yi kama da naka ba, shi ya sa na ga ya dace in faɗa.

Tawa da zafi ta fi ƙin tashi. In na yi tafiya na tsaya shan mai, sai ta yi ta juyawa. Da safe ma tana wahala, amma ba kamar da rana ba. Dalilin da aka nuna mini shi ne dizal in ya yi zafi yakan tsinke, nozul ɗin da ya cinye kuma sai ya riƙa mayar da mai da yawa tanki ta layin komawa, matsi ya kasa taruwa. Daga baya ta fara yanke ƙarfi a kan hawa in da kaya, fitila ta kama, na'ura ta nuna P0087, wato matsin mai ya yi ƙasa.

Wanda ya gyara mini bai ce in sayi komai ba sai da ya gwada. Ya haɗa wa kowane nozul ɗan tiyo zuwa kwalbarsa, kwalabe huɗu iri ɗaya, aka bar injin a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, na ɗan lokaci. Uku suka tara mai kusan daidai, ɗaya ta ninka su. Da idona na gani, ba wanda ya bukaci ya lallashe ni. Ya kuma nuna mini a na'ura yadda kwamfuta ke ƙara wa wannan silindar mai tana rage wa wata don ta daidaita silo.

Abu biyu da na koya a wannan aikin. Kowane sabon nozul yana da lambobi a kansa da dole a shigar wa kwamfutar motar, in ba haka ba za ta yi ta ƙwanƙwasa ko da sabo ne fil. Sannan ƴar washar tagulla, wato zoben da nozul ke zama a kai, kada a yarda a mayar da tsohuwa. In ta yi yoyo, hayaƙin ƙonewa yana ratsawa ya gauraya da baƙin mai, ya zama gawayi, ya gangara ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke tsotsa ta ciki. An san 1KD da wannan ciwon, kuma ƙarshensa injin ya buga. Da muka sauke kaskon ƙasa na tawa, rabin rariyar ya toshe. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Hajiya Mai Kaya

Malam, kana duba ruwan lagireto kuwa? Ina tambaya ne don ni farin hayaƙin safe na ɗauka na sanyi ne, direbana kuma kullum yana ƙara ruwa kaɗan bai gaya mini ba. Gasket ne ya ƙone, ruwa na tsiyaya cikin silinda cikin dare. Hayaƙin namu ba ya sa ido yaji, kamar tururi yake, ya ɓace nan da nan. Da injin na sanyi aka buɗe murfin lagireto aka tayar, sai kumfa ke ta tasowa, tiyon sama kuma ya yi tauri tun kafin injin ya ɗumama. Bakaniken ya ce da ruwan ya taru da yawa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe, don ruwa ba ya matsuwa. Allah Ya tsare, a gasket da wanke kan injin muka tsaya.

Sabon Direba

Baba, ni maigidana in ta ƙi tashi tsumma yake jiƙawa da fetur ya kara a bakin iyakilina, wato matatar iskar injin, ko ya fesa maganin tayarwa na gwangwani. Nan take take kamawa. Akwai laifi?

Tsohon Bakanike

Akwai, yaro, babba ma. Wannan abin yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, ya doke shi yana kan hawowa. Ƙarar da kake ji ke nan. Ringi ke karyewa, wani lokaci fistin ya tsage. In kuma hita na da zafi, wutar na iya tashi tun a bututun iska ta dawo wa mai riƙe da tsumman. Na sauke injina da yawa da aka kashe ta wannan hanya, kuma ciwonsu na asali bai wuce filta ko hita ba. Ka gaya wa maigidanka cikin ladabi, kai kuma kada ka sake riƙe tsumman.

Mai 2KD

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na samu cikin kwana huɗu.

Ranar farko ƙanena ya murza makulli na tsaya a baya kamar yadda Baba ya ce. Salansa ba ta fitar da komai ba sai daf da kamawa. Rana ta biyu na danna famfon hannu tun kafin makulli: sau 14 kafin ya yi tauri, kuma ta tashi bugu ɗaya, karo na farko cikin mako uku. Ruwan lagireto yana nan inda na bar shi, Hajiya, batir kuma bai sauka ƙasa da 10.3 ba. Muka sa farin tiyo, ga kumfa. Wurin da na yi sabis na ƙarshe sun ɗaura filta robar bakinta ta karkace, kuma tiyon shiga ya tsattsage a ƙarƙashin maɗaurinsa. An canja duka biyun. Hita ta biyu ma ta mutu, na sa sabuwa.

Na dage aka yi gwajin kwalabe. Ta uku ta ɗan fi sauran, amma ba ninki ba, sai muka bar nozul a wurinsu. Safiya biyu ke nan tana tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi, kuma da gangan nake ajiye ta hanci sama. Mai 1KD, don Allah a kilomita nawa ka ga ya kamata in sake gwada ta ukun, kuma in sa a duba rariyar baƙin mai tun yanzu ko in jira sabis na gaba?