Wa ke da ikon rufe gidan rediyo, kuma da me mai sauraro zai gane an toshe wa tasha baki?

Mai Sauraro daga Tsafe:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin jarida ciki da bai. Duk lokacin da siyasa ta ɗauki zafi a Zamfara sai ka ji an dakatar da wani shiri, ko a katse mai magana ana tsaka da hira a sako waƙa. Washegari 'yan adawa su ce gwamnati ce ta toshe bakin tashar, 'yan gwamnati su ce ƙarya ne, kuɗin fili ne ba a biya ba. Ita kuwa tashar ta yi gum. To mu da sai dai mu kara rediyo a kunne, da me za mu rarrabe? Na biyu, shin gwamna yana da ikon rufe gidan rediyo ko talabijin a jiharsa? Don Allah amsar doka da ta aiki nake so, ban da ta jam'iyya.

Lauya a Gusau:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ta biyun, ita ce mai sauƙi. Gwamna ba shi da wannan ikon. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ce ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, babu mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai da izinin shugaban ƙasa. Hukumar da ke kula da lasisin ita ce NBC, wadda aka kafa a 1992. Ita ke jan kunne, ita ke dakatar da lasisi. Wanda bai ba ka lasisi ba, ba shi zai karɓe shi ba.

An gwada a nan gida. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, ciki har da NTA Gusau, Pride FM, Gamji da Al'umma TV, saboda sun ɗauki taron PDP na ɗan takarar gwamna Dauda Lawal alhali jiha ta hana tarukan siyasa da hujjar tsaro. NBC ta fito ta ce jiha ba ta da hurumi, in tana da ƙorafi ta kawo mata. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye umarnin ta kuma ba da haƙuri. A lura, biyu daga cikin tashoshin nan na gwamnatin tarayya ne ma. A Neja an sake irin ta a Agustan 2025 da Badeggi FM ta Minna, ministan yaɗa labarai ya sake nanata cewa batun lasisi na NBC ne.

Ita NBC ɗin ma ba a sake mata linzami ba. A Mayun 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba kotu ba ce da za ta riƙa cin tashoshi tara, a ƙarar da aka shigar kan tarar naira 500,000 da ta ɗora wa tashoshi 45 a 2019.

Amma kada wannan ya sa a ɗauka gwamna ba shi da ta yi. Takardar mallakar filin da tashar ke kai, a hannun jiha take. Wani ɓangare na haraji da izinin gini, duk na jiha ne. Ana iya garƙame ƙofa da sunan bashin haraji ba a ko ambaci shirin da ya ɓata rai ba. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi; an yi masa gyara a 2024, an rage faɗinsa, amma kwana biyu a hannun 'yan sanda kafin a kai ga alƙali ya isa ya sanyaya gwiwar ɗakin labarai guda.

Tsohon Edita, Kauran Namoda:

Barista ya gama da doka. Sai dai, Malam, rufe tasha da kwaɗo shi ne mafi ƙarancin abin da ke faruwa, don yana jawo surutu har Abuja. Toshe bakin da ya fi yawa ba shi da takarda, kuma sai ka san yadda kuɗi ke shiga tasha za ka gan shi.

Abubuwa uku ne ke fita daga rediyonka, sau da yawa da murya iri ɗaya. Akwai labarai, waɗanda wakili ya kawo, edita ya duba ya amince. Akwai shirin da tasha ta shirya da kanta, ita ta zaɓi baƙo, ita ta tsara tambayoyi. Sannan akwai filin da aka saya: ɗan siyasa ko ƙungiyarsa sun biya kuɗin minti 15 ko 30 ko awa guda, yawanci na wata ɗaya ko wata uku, su kawo sojan bakansu ya yi ta zuba. Mafi yawan abin da mutane ke kira shirin siyasa, wannan na ukun ne. Ba aikin jarida ba ne, talla ce mai tsawo. Ƙa'ida ita ce a faɗa a farko da ƙarshe cewa wane ne ya ɗauki nauyi. Tashar da ta ɓoye wannan ta riga ta ci amanarka tun kafin a zo maganar gwamnati.

To in irin wannan filin ya ɓace, dalilan da aka saba gani huɗu ne. Kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba. Ko bashi ya taru sashen kasuwanci ya ce a cire. Ko mai maganar ya kira sunan mutum ya ce ɓarawo ne ba shi da takarda ko ɗaya, manaja ya tuna cewa in an je kotu kan ɓata suna, tashar za a haɗa a ƙara, ba wanda ya yi maganar kaɗai ba. Na huɗu shi ne wanda kake tambaya: an bugo waya daga sama. Ukun farko ba takunkumi ba ne, ko da mai filin ya hau Facebook yana kuka.

Katsewa a tsakiyar shiri ma haka. Tashar da ta san aikinta tana da na'urar da ke jinkirta murya da 'yan daƙiƙu kafin ta fita, don in baƙo ya yi ashar ko ya zagi ƙabila, mai kula da na'ura ya danne wurin kaɗai. Tashoshi da yawa ba su da ita, shi ya sa sai dai a ja maɓalli gaba ɗaya a sako waƙa ko talla. Wasu kuma sun koma naɗar shirin tukuna a saurara a yanke kafin a watsa. Wannan naɗar tana da fuska biyu: tana kare tasha daga ƙara, kuma a nan ne almakashin mai gida ke shiga ba wanda ya gani. Kada kuma a manta da wuta. In an ɗauke lantarki janareta bai kama nan take ba, tasha za ta yi shiru na minti ɗaya ko biyu. Bambancin shi ne in wuta ce, ana dawowa a ci gaba daga inda aka tsaya, har mai gabatarwa ya ba da haƙuri. In aka dawo da wani shiri dabam ba a ce uffan ba, to da walakin.

Yanzu wayar nan ta sama. Ba cewa ake yi a rufe ba. Tasha mai zaman kanta a gari kamar Gusau ba ta da kamfanoni masu yawa da za su ba ta talla. Babban mai sayen fili shi ne gwamnati, da sanarwowinta da shirye-shiryen ma'aikatunta. Na'urar watsa shiri da na'urorin sanyaya ta suna shan dizal kowace rana. Ya isa a riƙe kuɗin da tasha ke bin ma'aikata na wata uku. Ba wanda ya yi barazana, amma manaja ya ji hannunka mai sanda, ya kira edita ya ce a ɗan sassauta. Daga nan editan da kansa zai fara ajiye labari a aljihun tebur. A tashar gwamnatin jiha kuwa ba a ma buƙatar wannan, tunda gwamna ne ke naɗa shugabanta, shi ke biyan albashi.

Ƙasa da wannan akwai na goro. Wakilin da ya yi wata da watanni ba albashi, aka miƙa masa ambulan bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota, wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilori a 1998 ya haramta karɓa, kuma sharaɗinsa na farko shi ne ɗan jarida ne ke yanke abin da zai shiga labarai, ba mai tasha ko mai talla ba. Rubutun yana nan lafiya lau. Albashin ne babu.

Hajiya Malamar Jarida:

Yallaɓai Edita ya nuna cikin gida. Ni kuma zan ba Malam abin aunawa daga waje, don ba sai ka shiga tasha ba.

Ɗauki mako biyu, ka riƙa sauraren babban labaran tasha ɗaya da takarda a hannu. Ka rubuta labarai uku na farko kowace rana da muryar wanda aka sako. In kwana goma cikin sha huɗu da gwamna ko mai tashar aka buɗe, ka san inda ta dosa. Sannan in an zargi wani, ka saurara ko an ce an tuntuɓe shi. Jimlar nan ta cewa an nemi jin ta bakinsa bai ɗauki waya ba, ƙarama ce amma ita ke raba rahoto da farfaganda. Ka kuma lura da abin da ba a faɗa ba: in an kai hari a Maru ko Zurmi, BBC Hausa da DW da jaridun Abuja sun kawo, tasharku ta kwana biyu ba ta ambata ba sai da sanarwar gwamnati ta fito, wannan shirun ya fi katse shiri nuna matsala.

Kan alƙaluma, a yi wa 'yan jarida adalci. Lokacin sace ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021, adadin da 'yan sanda suka fara bayarwa 317 ne, waɗanda aka sako kuma aka ƙirga 279. Sauyin adadi a irin wannan yanayi ba ƙarya ba ne. Abin dubawa shi ne tasha ta ce wa ya ba ta adadin, kuma da ya sauya ta fito ta gyara ko ta yi kamar ba ta taɓa faɗin na farko ba.

A lokacin kamfe akwai ma'auni a rubuce. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce a sashe na 95 kafar gwamnati ta raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu a sa'o'i masu daraja ɗaya, da tarar naira miliyan 2 a karon farko, miliyan 5 in an sake. Wato ba a ba wannan ƙarfe takwas na dare a ba wancan sha ɗaya da rabi, sannan a ce an yi adalci.

Ɗan Maradun:

Ranku ya daɗe, duk na ji, amma kun yi kamar gwamnati ba ta taɓa yin gaskiya ba. Jihar da ake yaƙi a cikinta fa muke magana. In tasha ta faɗi cewa sojoji sun nufi daji kaza, ko ta ba ɗan bindiga minti ashirin yana fahariya, wa ta taimaka? Ba kowane hani ne zalunci ba.

Lauya a Gusau:

Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma sashe na 45 na tsarin mulki ya yarda a taƙaita 'yancin magana saboda tsaro. Sharaɗin shi ne ta hanyar doka, ba da sanarwar kwamishina ba. Faɗin motsin sojoji kafin su isa, babu editan kirki da zai bari. Hira da ɗan bindiga kuwa ita ce aka yi rigima a kanta a 2022, da NBC ta ci Trust TV da wasu kamfanoni uku tarar naira miliyan 5 kowanne kan rahotannin 'yan bindigar Zamfara, kotu kuma ta soke tarar a farkon 2024. Tambayar da za ka yi wa kowane hani ita ce, ya shafi kowa ko ɓangare ɗaya? A Satumban 2021 da aka katse layukan waya a jihar, kowa ya ɗanɗana, mai mulki da ɗan adawa, duk da cewa wakilai sai sun fita jihar kafin su aika rahoto, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ba shi da hanyar sanarwa. Na Oktoban 2022 kuwa taron jam'iyya ɗaya ne ya jawo shi.

Mai Sauraro daga Tsafe:

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in mutum ya tabbata an yi masa rashin adalci a iska, ina zai kai kuka?

Tsohon Edita, Kauran Namoda:

Fara da tashar, a rubuce, ba ta waya ba. Ka sa sunan shirin, rana, ƙarfe nawa, da ainihin kalmomin da aka faɗa, ka nemi haƙƙin mayar da martani a fili ɗaya da lokaci ɗaya. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Kada ka yi nawa, don tashoshi ba sa ajiye naɗin shiri har abada, kuma in kana da naka naɗin a waya ka haɗa. In sun share ka, ka tura wa NBC takardar tare da kwafin mai hatimi. In halin ɗan jarida ɗaya ne matsalar, ka kai wa reshen ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ na jiha.

In kuma so kake ka san nawa wata ma'aikata ta biya tasha, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar tambaya ba tare da ka faɗi dalili ba. Kwana 7 suke da shi su amsa, suna iya ƙara wasu 7, in sun ƙi kana da kwana 30 ka je kotu. Da jihohi kan ce dokar ba ta hau kansu ba, amma Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau. Ka rubuta tambayar a ƙuntace: ma'aikata kaza, kuɗin talla da na shirye-shirye, daga wata kaza zuwa wata kaza. In ka ce a ba ka duk bayanan kuɗin yaɗa labarai, ka ba su hanyar cewa takardun sun yi yawa.