Wane ma'aikaci za mu fara ɗauka don nazarin bayanan cinikinmu?

Akawun Singa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da sashen lissafi a wani kamfanin raba kayan masarufi a Kano, muna kai kaya shaguna har Katsina, Dutse da Zariya. Duk rasit, duk kuɗin da ya shigo ta POS ko tiransifa, duk lodin da mota ta ɗauka, a Excel muke zubawa. To yanzu abin ya fi ƙarfinsa, tunda shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, har mun koma yanka fayil wata-wata. Alhaji mai kamfanin ya ce in nemo masanin kimiyyar bayanai da zai riƙa hango mana abin da kasuwa za ta nema. Albashin mutum biyu kawai aka ware. Don Allah wa za mu fara ɗauka, kuma me zan duba a wurinsa ranar intabiyu?

Injiniya Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Akawu. Ka lallaɓa Alhaji ya dakata da maganar masanin nan tukuna. Wanda kuke bukata yau shi ne injiniyan bayanai. Aikinsa ya tattaro abin da ke warwatse a fayil-fayil, da na'urorin POS, da bayanan banki, ya zuba su a rumbu ɗaya kamar PostgreSQL, ya kuma tsara yadda sabon ciniki zai riƙa shiga da kansa kowane dare. Sai kuma tsaftacewa, wanda nan ne wahalar take. Na tabbata idan ka duba za ka tarar shago ɗaya an rubuta sunansa iri uku, wani akawu yana lissafi da katan, wani da dozin, wani ya sa wata kafin rana a kwanan wata. Idan ka kawo masani ka ajiye masa wannan, watanninsa na farko a shara za su ƙare, a albashi mai tsada, kuma ba abin da ya zo yi ke nan ba.

Ranar intabiyu kada yawan satifiket ya ruɗe ka. Ka cire sunaye da lambobin waya daga cinikin wata biyu, ka ba shi, ka ce ya fito maka da shaguna goma da suka fi rage sayayya ta hanyar SQL, harshen da ake zaƙulo bayanai daga rumbu da shi. Daga nan ka duba yadda ya iya Python, wani harshen rubuta manhaja. Wanda ya fara yi maka dogon bayani kan manhajojin Hadoop da Spark ka tambaye shi me za su yi muku. An ƙera su ne don bayanan da kwamfuta ɗaya ba za ta iya ɗauka ba, sai an raba wa kwamfutoci da yawa. Layi miliyan kaɗan sabar guda, wato babbar kwamfuta ɗaya, ta ishe su.

Malama Zazzau ta amsa:

Na yarda da Injiniya, amma ina so in ja hankalinka kan kujera ta biyu. Ka ba mai nazarin bayanai, wanda ya iya SQL da Power BI ko Tableau (manhajojin fitar da rahoto cikin zane da jadawali), ya san ƙididdiga daidai gwargwado, sannan uwa uba ya san kasuwa. Idan sukari da man girki suka yi tashin ciniki, ya kamata ya san azumi ne ya ƙarato, kuma azumin yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka kwatanta Maris da Maris ɗin bara zai iya yaudararsa. Ya kuma iya zama gaban Alhaji ya yi masa bayani da Hausa a minti biyar. In da ni ce, sai na fara dubawa a cikin yaranka na ofis. Wanda ya riga ya san kwastomomi, koya masa manhaja ya fi sauƙi a kan koya wa baƙo kasuwa. Shirin horar da ƴan Najeriya fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ma yana da darasin nazarin bayanai.

Bakatsine ya amsa:

Akwai abin da ba a taɓo ba. Sunayen masu shaguna, lambobinsu da bashin da ake binsu, duk bayanan mutane ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanku. Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, ce ke sa ido, kuma dokar ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanai naɗa jami'in kare bayanai. Ku tuntuɓi lauyanku ya duba ko kun shiga wannan rukuni. Ko ba ku shiga ba, a sami mutum ɗaya da zai riƙa yanke wa ke da izinin buɗe me.

Akawun Singa ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. To hangen kasuwar da Alhaji ke so fa, a bar shi ke nan?

Injiniya Kaduna ya amsa:

A'a Malam, jinkirtawa za a yi. Idan rumbun ya tsaya da ƙafarsa, kuna da cinikin aƙalla shekara biyu a tsaftace, sai ku ɗauko masanin a kan kwantiragi ya gina muku tsarin hasashe na kaya biyar ko shida da suka fi tafiya. Ku gwada hasashensa da abin da aka sayar a zahiri na wata uku kafin ku yi maganar ɗaukarsa dindindin.