Shawarwari a zaure: tsohon layin dogo a bakin kogi, wanne ya dace da dattijo?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Baba yana wurinmu a nan Ingila, likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki saboda gwiwa, amma ba ya iya hawa tudu, ga shi ƙarar motoci na ɗaga masa hankali. Na ji ana cewa akwai tsofaffin layukan dogo da aka kwashe ƙarafunansu aka mayar da su hanyar masu ƙafa da masu keke. Baba kuwa mutum ne mai son kallon ruwa. Wa ya san wadda ke bin gefen kogi, mu je da shi da yara idan an ba da hutun makaranta?

Mai Keke: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Irin hanyar nan ita ce daidai da shi. Jirgin ƙasa ba ya son hawa, ƙarfe ne a kan ƙarfe, tudu na yin tsini sai ƙafafunsa su kama sulɓi. Shi ya sa masu shimfiɗa layi suka riƙa bin kwarin kogi, inda ruwa ya riga ya share musu hanya. Inda dutse ya tare su, su huda shi. Inda kogin ya karkata, su yi gada. Yawanci a cikin mita 100 hawan ba ya wuce mita 1 ko 2, ƙafa ma ba ta jin sa.

Ni Camel Trail zan ce, a Cornwall, kudu maso yammacin Ingila. Tsawonta mil 18 ne, amma ba sai kun yi duka ba. Yankin Wadebridge zuwa Padstow, wajen mil 5 da rabi, yana manne da bakin kogin Camel inda yake shiga teku. Ku duba lokacin cikar ruwa kafin ku fita. Idan teku ya cika, ruwa ne shimfiɗe har gindin hanya. Idan ya janye, sai laka da yashi, nan ne tsuntsaye ke sauka kiwo, su zalɓe da balbela. Kowanne da kyansa.

Malamin Tarihi: Bari in ƙara a kan na Mai Keke. Layin da ke tsakanin Wadebridge da Bodmin, wanda yanzu ɓangare ne na Camel Trail, tun 1834 aka buɗe shi, yashin bakin teku yake kai wa manoman cikin ƙasa su zuba a gona. An daina ɗaukar fasinja a 1967, jirgin kaya ya ci gaba da jigilar farar lakar da ake yin tangaran da ita har 1983. Yawan irin waɗannan hanyoyi a Birtaniya kuwa ya samo asali ne daga rahoton da Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa na lokacin, ya fitar a 1963, wanda ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layi mai tsawon mil 5,000. Mutanen ƙauyuka sun yi kuka da shi ƙwarai, kuma ina ganin suna da gaskiya. Abin da ya rage musu shi ne gadoji da shimfiɗar hanya, su ne muke morewa yau. Idan kun je ku nuna wa yara tsohon dandamalin tasha, su san abin da suke takawa.

Anti Nas: Mai Keke, ban ƙi ta taka ba, amma ka tuna hutun makaranta Hajiya ta ce. A watan Agusta yankin Padstow ɗin nan cika yake da kekunan haya, da yawansu yara ne da ba su gama iya birki ba. Dattijo mai sanda ba zai sake ba, kullum yana waiwaye. In dai can ɗin ne, to a fita da sassafe ko a bari sai yamma.

Hajiya, abin da na fi so ki riƙe: kada ku sa wa Baba ma'aunin nisa. Hanyar layin dogo miƙaƙƙiya ce, tana da yaudara, mutum na ta tafiya bai ji komai ba, sai an juyo gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ku juya tun yana da sauran ƙarfi. Takalmi mai taushi, ruwan sha, maganinsa a jaka, da 'yar kujerar naɗewa idan kuna da ita, don benci ba ko'ina ake samu ba.

Ɗan Auta: Ni Monsal Trail ce tawa! Tsawonta mil 8 da rabi, ta tashi daga garin Bakewell a tsakiyar Ingila, tana bin kwarin kogin Wye. A 2011 aka buɗe manyan ramuka huɗu da jirgi ke ratsa dutse ta cikinsu, an sa musu fitilu da rana. Kana fitowa daga ramin Headstone sai ka tsinci kanka a kan doguwar gada, kogi can ƙasa. Yara ba za su manta ba.

Mai Keke: Ƙanina, kai ma ka faɗa da bakinka, kogi can ƙasa. Monsal a saman kwari take tafiya, ruwan daga nesa ake hango shi, sauka wurinsa kuma gangara ce mai tsini. Ga sanyin cikin ramukan ko da ana zafi a waje. Ga matasa ba ta da na biyu, amma Baba bakin ruwa yake so.

Ɗan Auta: Haka ne Yaya. To idan sun je don yara, su ajiye mota a tsohuwar tashar Hassop ko Millers Dale, nan ne ake shiga ba hawa.

Mai Sandar Yawo: Hajiya, ga wadda nake ganin kamar don Baba aka yi ta: hanyar Keswick zuwa Threlkeld, a yankin tafkunan arewa maso yammacin Ingila. Mil 3 ce kacal. Kogin Greta take bi, tana tsallaka shi ta dawo ta sake tsallakawa a kan gadoji, ƙarar ruwa ba ta barin kunne. An rufe layin a 1972. A Disamba 2015 guguwar Desmond ta zo da ambaliya ta tafi da gadoji biyu, sai a Disamba 2020 aka sake buɗe hanyar gaba ɗayanta. Gyaran nan shi ya sa nake ba da shawararta, domin kwalta aka shimfiɗa mata, keken guragu da keken jarirai duk suna bi lafiya lau. Bishiyoyi sun yi mata rumfa a wurare da dama, kuma akwai wuraren zama.

Na Amurka: Salamu alaikum daga wannan ɓangaren. Na san ba nan za ku zo ba, amma zancen ambaliya ya sa dole in sa baki. Katy Trail da ke jihar Missouri mil 240 ce, rabi da wani abu a gefen kogin Missouri. Ambaliyar 1986 ce ta lalata layin har kamfanin ya haƙura da shi, aka buɗe yankin farko na hanyar a 1990, ambaliyar 1993 ta sake cinye babban ɓangare. Kogin da ya ba hanya kyau shi ne kuma mai cin ta. Don haka duk wadda kuka zaɓa, ku leƙa shafin hukumar da ke kula da ita a intanet ana gobe za ku tafi, musamman idan an kwana biyu ana ruwa. Sannan ku tambayi abin da aka shimfiɗa a ƙasa. Tamu niƙaƙƙen dutse ne, da rani garau, amma bayan ruwan sama yakan yi taushi, sanda na nutsewa, tayar keken guragu na cijewa.

Maman Biyu: Kai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba, ya ce ta Keswick ta kwanta masa. Malam Mai Sanda, daga wane gefe ya kamata mu fara? Kuma yaran da kekunansu za su zo, ina tsoron kada su takura wa mutane.

Mai Sandar Yawo: Ku fara daga Keswick, kusa da ginin tsohuwar tasha. Gefen Threlkeld akwai ɗan hawa mai lanƙwasa a ƙarshe, ba sai Baba ya kai can ba. Ku ɗauki rigar ruwa ko da gari ya waye tas, yankin nan yana cikin mafi yawan ruwan sama a Ingila.

Mai Keke: Yaran kuma a koya musu tun daga gida: su riƙe hannun hagu, su buga ƙararrawa tun daga nesa kafin su wuce mai tafiya, su rage gudu a kan gada da cikin rami, kuma idan sun ga kare da igiya su ba shi fili. Hular kwano a ka. Ki sa babban ya riƙa tsayawa a kowace gada yana jiran ku, kada su yi muku nisa.