Mai green card zai iya neman Global Entry kuwa?

Baban Khalifa, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Harkar kayan gyaran mota nake yi, kullum ina hanya tsakanin New York, Dubai da Guangzhou. Fasfona na Nijar ne, amma ina da green card, wato katin zama na dindindin a Amurka. Idan mun sauka da gajiyar jirgi muna cikin dogon layi, sai in ga wasu sun bi ta gefe, na'ura ta ɗauki fuskarsu, sun fice. An ce mini Global Entry ne. Shin da fasfon Nijar za a ba ni? Kuma zai yi mini amfani a Chana?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Alhaji. Za ka iya nema. Nijar da Najeriya ba sa cikin ƙasashen da aka amince wa, amma mai green card ba a duba ƙasar fasfonsa. Hukumar kwastan da tsaron iyaka ta Amurka, CBP, ke bayarwa. Ka buɗe asusu a shafinsu na Trusted Traveler Programs, ka biya dala 120, na shekara 5 ne. Da dala 100 ne, an ƙara a Oktoban 2024, kuma ko an ƙi ka kuɗin ba ya dawowa. Za su tambayi inda ka zauna, aikin da ka yi da ƙasashen da ka shiga cikin shekara 5. Kada ka tsallake ko ɗaya, ko Jidda ce ka je Umara. Idan sun ba ka amincewar farko sai ganawa da jami'i, a ɗauki hoto da zanen yatsu. In ba ka samu rana kusa ba, akwai Enrollment on Arrival: ka yi ganawar nan take ranar da ka sauka filin jirgin JFK na New York daga waje.

Hajiya Maman Iman, Houston:
Alhaji, ni abin da zan ja maka kunne a kai tsaraba ce. Mu mutanenmu ba ma dawowa hannu rabbana, sai an cusa mana kilishi da dambun nama a jaka. Nama daga ƙasashenmu dokar Amurka ta hana shigo da shi, kuma wannan shirin amana ce aka ba ka. Aka kama abin da ba ka faɗa ba, ga tara, ga soke rajistar. Ko yaji ne, ko kuka, ko daddawa, ka faɗa, su duba su yanke hukunci. Haka kayan samfur na kasuwancinka. Don Allah ka buɗe duk ƙullin da aka ba ka saƙo kafin ka ɗauka.

Ɗan Fagge:
Gaskiya ne Hajiya. Batun Chana kuwa, a'a, shigowa Amurka kawai yake sauƙaƙawa. Na can shi ne katin 'yan kasuwa na APEC, ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen Asiya da yankin Pacific, kuma Amurka ba ta ba mai green card, sai ɗan ƙasa. Shi ma ɗan ƙasar sai ya nemi bizar Chana. Amma za ka samu TSA PreCheck, layin bincike mai sauri kafin hawa jirgi a Amurka, a cikin Global Entry, muddin ka sa lambar rajistarka lokacin yankan tikiti.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. Zan nemo tsohon fasfona in haɗa jerin ƙasashen a daren nan. Hajiya, busasshen kifi fa, shi ma hukuncinsa ɗaya da nama?