Me za mu kira akwatin da ake rugawa da shi fili idan zuciyar ɗan wasa ta tsaya?

Mai Sharhi: Salamu alaikum. Akwai kalmar da ke ɗaure wa masu sharhin ƙwallo harshe: difibirileta, akwatin nan da likitoci ke rugawa da shi idan ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi. Da shi aka dawo da ɗan wasan Denmark Christian Eriksen ranar 12 ga Yuni 2021, a wasan Denmark da Finland a Copenhagen. Mai sharhi yana da daƙiƙoƙi ne kawai ya faɗa wa mai sauraro abin da ke faruwa, don haka muna son suna gajere wanda ba zai ɓatar da mutane ba. Ni dai na kawo "na'urar tayar da zuciya", tunda aikinta ya yi kama da yadda bakanike ke jona batir ya tayar da mota.

Likita: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin na'urar, a gyara sunan ciwon, don nan ɓarnar ta fi yawa. Duk wanda ya faɗi sai a ce "bugun zuciya ne", alhali abu biyu ne. Na farko jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ke toshewa. Mutum yakan kasance a farke, yana gumi, yana riƙe ƙirji. Na biyu, wanda ya sami Eriksen, lantarkin da ke tsara bugun ne ke rikicewa, jini ya daina zagayawa, mutum ya faɗi sumamme nan take. Na farko a ce toshewar jijiyar zuciya, na biyu tsayawar zuciya.

Amma misalin motar bai zauna ba. Yawanci a mintocin farko zuciyar ba shiru ta yi ba, ɓari take yi, kowane sashe na motsin kansa, babu bugu ɗaya mai tura jini. Wutar da na'urar ke saki tana tsayar da ɓarin ne gaba ɗaya, don zuciya ta kama bugunta daga farko. Idan zuciya ta yi tsit babu ko ɓari, na'urar ma ba za ta yarda ta saki wuta ba, sai dai a ci gaba da danna ƙirji. "Tayar da zuciya" zai sa jama'a su ɗauka tana tashin matacce, in ta ƙi ba da wuta su ce ta lalace.

Malamar Hausa: Likita, Allah ya ƙara basira. To mu bi hanyar da Hausa ke ƙera sunan kayan aiki: mabuɗi, matsefi, magogi. Daga farfaɗo sai mu sami "mafarfaɗin zuciya". Ko mu bi sahun Gagarau da Nomau mu ce "farfaɗau", gaɓa uku, ya fi sauƙin kira da ƙarfi.

Nas ɗin Gaggawa: Hajiya, farfaɗau ya yi daɗin faɗa, sai dai ina jin tsoronsa. Ya yi kusa da farfaɗiya. Ɗan wasan da zuciyarsa ta tsaya sau da yawa yakan yi fizge-fizge na ɗan lokaci, ido a buɗe, yana jan wani numfashi mai kama da munshari jefi-jefi. Masu kallo sai su ce farfaɗiya ce, a bar shi zai tashi. Ga kuma tsohon camfin nan na cewa yawun mai farfaɗiya na yaɗa ciwon, kowa ya ja baya. In aka ji ana ihun "farfaɗau" a bakin fili, ƙarfafa wannan kuskuren za a yi.

Ƙa'idar FIFA a nan ba ta da kwana: duk ɗan wasan da ya faɗi ba tare da wani ya taɓa shi ba, kuma bai amsa kira ba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar ba haka ba ne. Likitoci su shiga, ba sai sun jira alƙalin wasa ya ɗaga hannu ba. A kwantar da shi rigingine, a fara danna tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane 30 a hura iska sau 2. Wani ya yanke rigar da almakashi, ya goge gumi, ya manna faifan na'urar guda biyu a ƙirji: ɗaya ƙasan ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hamata. Na'urar da kanta take magana, ta ce kowa ya ɗaga hannunsa, ta auna, ta ce a danna maɓalli ko kar a danna. Da an ba da wutar a koma danna ƙirji, ba a tsayawa neman bugun jijiya. Bayan minti 2 za ta sake aunawa. Ana son wutar farko ta shiga kafin minti 3 da faɗuwa, saboda kowane minti da ya wuce ba taimako damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100.

Abin da ke cinye mintocin nan: cusa cokali ko yatsa a baki wai kar ya haɗiye harshe (ba a haɗiye harshe), yayyafa ruwa, fifita da riga, da ɗaukarsa a guje zuwa mota kafin a ba shi wuta. A inda ya faɗi ake aikin.

Daraktan Hoto: Bari in sa baki ta ɓangaren talabijin, don sunan da za ku zaɓa a wani hali na musamman za a furta shi. A manyan gasa kamfani ɗaya ke ɗaukar hoton filin ya raba wa tashoshin duniya. A wasan Eriksen UEFA ce ke riƙe da hoton, kyamara ta daɗe a kan wurin, har aka nuna matar da yake tare da ita tana kuka, 'yan wasan Denmark kuwa sai da suka yi masa katanga da jikinsu. BBC ta sami ƙorafi sama da 6,000, ta nemi afuwa, ta ce hoton ba a hannunta yake ba. A ganina uzurin rabi ne: tasha ba ta juya kyamarar fili, amma maɓallin komawa situdiyo yana gabanta.

Abin da darakta mai hankali ke yi shi ne ya koma kyamarar sama mai ɗauko filin daga nesa, ya hana maimaita faɗuwar, ya kashe makirufo na bakin fili, kar a nemo fuskar iyali a cikin 'yan kallo, sannan a koma situdiyo. Daga nan mai kallo ba ya ganin komai, kunne ya rage masa, daidai da mai sauraron rediyo. Mai sharhi ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai: ana danna ƙirji, an kawo na'ura, an fita da shi. Kar ya sa wa ciwon suna, kar ya karanta abin da ke yawo a Facebook. Saboda haka kalmar ta zama mai bayyana aikin da ake yi, ba mai alkawarin sakamako ba. "Ceto" da "farfaɗo" duk alkawari ne, a lokacin da iyalinsa ke sauraro.

Mai Sharhi: Wannan gaskiya ne, Yallaɓai. Haka batun ci gaba da wasa, shi ma ba na mai sharhi ba ne. Ranar 2 ga Janairu 2023 da Damar Hamlin na Buffalo Bills, ƙungiyar ƙwallon Amurka, ya faɗi a Cincinnati bayan duka a ƙirji, an faɗa a tashar talabijin ta ESPN cewa an ba ƙungiyoyin minti 5 su ɗumama jiki su koma. Hukumar NFL mai shirya gasar ta musanta, daga baya ta soke wasan gaba ɗaya. Su kuwa 'yan Denmark zaɓi aka ba su, daren ko washegari da rana. Suka koma a daren, Finland ta ci 1-0, aka yi ta sukar UEFA. Da Tom Lockyer na Luton ya faɗi a Bournemouth a Disamba 2023 tashi aka yi, aka sake wasan daga farko a Maris 2024.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da aiki. A wajenmu sunan Faransanci ma'aikatan asibiti ke faɗa, shi ma dogo ne mai karya harshe. Amma wutar da take bayarwa a Faransanci "shok" ce, ku kuma kuna cewa shokin. Me zai hana a ce na'urar shokin zuciya? Daga Damagaram har Zariya ba wanda zai tambayi ma'ana.

Malamar Hausa: Aro ne, amma aron da ya riga ya zauna, ko yaro ya san waya ta yi masa shokin. Na janye farfaɗau. Abin da zan ƙara, kar a ce "na'urar saita bugun zuciya" ko da ya fi kusa da bayanin Likita, a bar wannan ga wadda ake dasawa a cikin ƙirji.

Likita: Na yarda, kuma waɗanda ake dasawar ma iri biyu ne. Akwai mai saita bugu kawai, akwai mai ba da shokin da kanta idan ɓari ya taso, irin wadda aka sa wa Eriksen. Ita ce ta raba shi da Inter Milan, don dokar Italiya ba ta barin mai ita ya buga gasa, ya koma Brentford a Janairu 2022. Wannan sai a ce na'urar shokin zuciya ta dashe.

Nas ɗin Gaggawa: A bakin fili kuma "kawo akwatin shokin" ya isa. Amma a riƙa buɗe akwatin kafin kowane wasa. Faifan mannawa suna da ranar ƙarewa, zafi na busar da gam ɗinsu, batir na mutuwa a ajiye. A duba fitilar da ke nuna tana lafiya, a tabbatar akwai almakashi, reza da tawul, a ajiye ta kusa da benci ba a ofis a kulle ba, a kuma tayar da motar asibiti a ji ƙararta. A tuna da 'yan wasan da suka faɗi a fili suka rasu: Samuel Okwaraji a Legas a 1989, Marc-Vivien Foé a Lyon a 2003, Chineme Martins na Nasarawa United a Lafiya a Maris 2020, inda rahotanni suka ce motar asibitin filin ta ƙi tashi.

Mai Sharhi: To mun tsaya a kan na'urar shokin zuciya, a gajarce akwatin shokin, ciwon kuma tsayawar zuciya, aikin hannu danna ƙirji. Saura dukan ƙirji irin na Hamlin, wanda ke faɗowa daidai wani ɗan taƙi na bugun zuciya ya jefa ta ɓari. Likita, wannan sai ka buɗe mana shi daban.