In ajiye aikin ƙaramar hukuma in koma koyarwa a jami'a?

Abu Safwan: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka bi wannan hanya. Ilimin kiwon lafiya na karanta a digirin farko, yanzu ina aikin wayar da kai a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma a yankin Haɗeja, ina matakin albashi na 9. Wata jami'a ta kira ni za ta ɗauke ni a matsayin GA (Graduate Assistant, matakin farko na koyarwa a jami'a), da sharaɗin in gama mastas cikin wa'adin da suka ɗiba. Abin da ya tsaya min a rai tsargiya ce. A ƙauyukanmu na bakin fadama yaro ɗan shekara goma yana fitsarin jini, uwarsa ta gani ta yi shiru, don har yau wasu na ɗauka alamar girma ce. Ana zuwa makarantu a auna tsayin yara da sanda a ba su ƙwayar magani, amma da an saki ruwan noman rani sai su sake faɗawa cikin ruwan da dodon koɗin yake. So nake in binciko dalilin da ya sa faɗakarwarmu ba ta hana su komawa. Da na duba rubuce-rubucen malaman sashen da zan shiga, yawanci shaye-shayen ɗalibai ne, da ƙanjamau, da motsa jiki. Shin za a bar ni in yi batun da nake so? Shekarun aikina za su bi ni? Kuma albashin GA zai riƙe ni da iyali da mahaifiya?

Maman Husna: Wa alaikumus salam. Ka karɓa kawai ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka. Ƙanina a Jahun ya yi karatun lafiya, har yau aikin sa kai yake a asibitin garinmu ba a ɗauke shi ba. Kai da aiki ya biyo ka har gida me kake jira?

Ɗan Gumel: Da ni ne kai, aikin jinya zan koma in karanta. Su ake ɗiba Ingila da Saudiyya yanzu.

Dakta Umma: Abu Safwan, ina koyarwa a irin wannan sashe, bari in ba ka abin da na sani. A Bayero da ABU, ilimin kiwon lafiya da na motsa jiki sashe ɗaya ne a ƙarƙashin tsangayar ilimi, shi ya sa za ka tarar da yawan manyan malamai ta ƙofar wasanni suka shigo. Batun shaye-shaye da ƙanjamau kuma ba don su kaɗai ne damuwar jama'a ba. Ɗalibai suna nan a aji, ka raba musu takardar tambayoyi da safe ka tattara da azahar, ba ka sayi mai ba, ba ka nemi izinin hakimi ba. Ƙarin girma kuwa da yawan maƙaloli ake yin sa: daga GA zuwa mataimakin lakcara, Lakcara II, Lakcara I, Babban Lakcara, a mafi yawan wurare shekara uku tsakanin mataki da mataki, kuma ba ka wuce Lakcara I sai da digirin digirgir. Wanda ke neman maƙala biyu kafin lokacin tantancewa ba zai tafi fadama ba. Amma batunka yana yiwuwa, muddin ka sami malamin da ya amince tun kafin ka biya kuɗin rajista, ka kuma nemi wani daga sashen lafiyar al'umma ya dafa maka. Kada ka ajiye aiki, ka nemi a maida maka aikinka can, kuma ka bincika maganar fansho, don tsarin Jigawa daban yake da na tarayya. Riba biyu da ba ka da su yanzu: malamin jami'a yana iya samun tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ya ciki, sannan ritaya sai 65, farfesa 70.

Na Ƙaraye: Dakta, da girmamawa, kin faɗi zaƙin kin bar ɗacin. Ni na yi abin da yake shirin yi. Ina aikina a karkara lafiya lau, ina da gonata da 'yan tumakina, na ajiye na karɓi GA. Batun da na kawo shi ne dalilin da ya sa matan ƙauyukanmu ke zuwa awo amma su haihu a gida. Na riga na zauna da ungozomomi, na cika littafi guda da hirarsu. Malamin da aka haɗa ni da shi ya duba shafin farko, ya ture min da bayan biro, ya ce wannan aikin likitoci ne, in rubuta a kan ra'ayin ɗaliban sakandare game da wasannin makaranta. Na yi biyayya. Ana cikin haka korona ta zo da yajin aikin malaman jami'a na 2020. Muna farfaɗowa sai na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas ba albashi. Tumakin nan ɗaya bayan ɗaya na kai su kasuwa.

Ɗan Gumel: Subhanallahi. To yanzu ka gama?

Na Ƙaraye: Ban gama labarin ba. Da aka koma, malamin ya tafi hutun shekara wata jami'a da babina na uku a jakarsa. Wanda aka ba ni a madadinsa ya ce bai yarda da tsarin ba, in sake daga farko. Ranar da na fi jin ciwo, wani ɗalibina ne ya nuna min maƙala a wayarsa, babina na biyu ne kalma da kalma, sunana na uku a jere. Wa'adin mastas ya wuce, aka fara aiko min da takardar gargaɗi. Abokin aikina da na bari a karkara yanzu shi ne shugaban sashe, yana da babur na ofis. Abu Safwan, kana da mahaifiya. Ka zauna inda kake.

Abu Safwan: Allah ya saka maka, Yaya. To nawa ka kashe gaba ɗaya a mastas ɗin?

Na Ƙaraye: Rajista kaɗai na biya 180,000 a shekarar farko, kuma duk shekarar da ka ƙara sai ka sake biya. Mai yi min lissafin alƙaluma ya karɓi 40,000. Buga maƙala a mujalla 25,000.

Sadiya Ringim: Wace shekara ke nan? Ni bara sama da 300,000 na biya, mai lissafi kuma 100,000 ya ce, da ƙyar ya bari a 80,000.

Malam Habu PE: An cuce ki. Yaro a shagon kwamfuta zai yi miki a 20,000.

Dakta Umma: Shi ya sa ake kama mutane ranar kare kundi, a tambaye su ma'anar teburin da ke gabansu su yi tsuru-tsuru. Mujallar 25,000 ɗin ma a bincika, wasu kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga su. Masu nauyi na waje wasu da dala suke caji, wasu kyauta ne amma za ka daɗe kana jira.

Bazazzagi: Duk wahalar nan don kun tsaya a Kano ne. Ku zo Zariya wurin iyayen gidanku a koya muku. Abu Safwan, in an ɗauke ka ka sayi usur da wandon gudu tun yanzu, don sai ka kai 'yan aji ɗaya fili kafin a bar ka ka ambaci tsargiya.

Malam Habu PE: Bawa ba ya raina usur, da shi ubangidanka Bakano yake tashinka da asuba.

Baba Dubagari: Yara, a bar wasa. Ni na yi ritaya a wannan aiki. A 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har cikin 2004, mu muka riƙa bin zaure zaure. Ba maƙalar kowa ce ta buɗe ƙofofin nan ba, dagatai ne da limamai da matan da ke shiga gida su zauna a kan tabarma. Duk wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar gida maigida ya kore shi ba, bai kamata ya ba yaron nan shawara ba.

Dakta Umma: Baba, ranka ya daɗe, ba wanda ya raina aikinku. Amma waɗanda ke shiga gidajen nan wa ya koyar da malamansu? Kuma da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, ai an sake jin irin maganganun da kuka ji a wancan lokaci. Da abin da kuka koya a zaurukan nan an rubuta shi an koyar, da ba a koma baya ba. Irin Abu Safwan muke nema a sashen, wanda ya san fadama.

Na Ƙaraye: Ni ma haka aka ce min ranar da aka ɗauke ni.

Sadiya Ringim: Yaya Na Ƙaraye, abin da ya same ka ba daɗi, amma malami ɗaya ne ya yi maka. Tawa malamar har gidanta nake kai mata babi.

Anti Rabi: Tunda an zo maganar bincike a ƙauye, ni ma'aikaciyar lafiya ce a yankin Kura, inda ake noman shinkafa, kuma ina da ƙorafi. Masu bincike suna zuwa mana da wasiƙa, mu kai su wurin mai unguwa, mu tara musu 'yan firamare. A raba wa yara 'yan kwalabe, kowa ya zaga bayan aji ya kawo fitsari, a rubuta lamba a jiki, a ba su biskit. Na ga kwalbar da ta fito jawur, mai binciken ya ɗaga ta ya ɗauki hoto. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Uban yaron ya tare ni a kasuwa yana tambayar sakamako, ban da abin ce masa. Yanzu in na zo da maganar rigakafi sai ya ce mu ne masu kwalba.

Maman Husna: Wallahi haka suka yi a garinmu, jinin yatsa suka ɗiba.

Dakta Umma: Wannan saɓa ƙa'ida ne. Duk wanda aka samu da cutar ya kamata a ba shi magani ko a tura shi asibiti, kuma kuna da ikon neman takardar amincewar kwamitin ɗa'a kafin ku tara musu kowa.

Anti Rabi: Takardar suna da ita, Dakta, har da hatimi. Wa zai bi su bayan sun tafi?

Abu Safwan: Jama'a, maganar maida aiki fa, akwai wanda ya taɓa yi daga ƙaramar hukuma zuwa jami'ar tarayya?

Ɗan Gumel: Anti Rabi, ku ko kuɗin ruwa an ba ku? Mu an ɗauke mu cike takardun tambayoyi, da Turanci suke, muna fassara wa tsofaffi a tsaye cikin rana. An ce 3,000 a yini, har yau ba mu gani ba.

Malam Habu PE: Mu 5,000 aka ce mana, aka ba mu rabi.

Anti Rabi: Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Wata mai zuwa wasu sun ce za su zo, kuma na gaya wa mai unguwa ba zan tara yaro ko ɗaya ba sai sun rubuta ranar da za su dawo da sakamako da magani, sun sa hannu a gabansa.