Cin nama da ƙwai zalla tare da shayin citta da girfa: da gaske yana rage ƙiba?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin abinci ku taimaka. Ana ta yaɗa wani tsarin rage ƙiba a WhatsApp: a bar tuwo, shinkafa, taliya, burodi, har wake da kayan marmari, a koma nama, kaza, kifi da ƙwai kaɗai na mako biyu zuwa huɗu. Safe da dare kuma a sha dafaffen ruwan citta, girfa, kanumfari da kurkum, wai shi ke narkar da kitsen ciki. Masu yi suna cewa kilo 3 ke sauka a makon farko. Shin kitse ne yake sauka? Kayan ƙamshin suna da wani aiki? Kuma mace mai kilo 85 da ke son komawa 70, furotin nawa za ta ci ba tare da ta wahalar da ƙodarta ba?

Malamin Abinci:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsarin nan ba sabo ba ne. Dokta Robert Atkins na Amurka ya fito da nasa a 1972, inda ake tsuke sitaci da sukari zuwa giram 20 a rana na mako biyun farko. Pierre Dukan na Faransa ya zo da nasa a 2000, matakinsa na farko furotin zalla ne da cokali ɗaya da rabi na dusar hatsin oat. Abin da ke yawo a waya gaurayen waɗannan biyun ne, aka ɗora masa shayi.

Kilo 3 na makon farko yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari kusan giram 400 zuwa 500 a hanta da tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Da an yanke sitaci, wannan ajiya ce ke fara ƙarewa, ruwanta ya fita ta fitsari. Ranar da aka koma tuwo zai dawo. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin abinci) kusan 7,700. Wadda ta rage kalori 500 a abincinta na yini, rabin kilo za ta sauke a mako.

Furotin dai yana da amfani na gaske, kada a raina shi. Yana daɗewa a ciki, yunwa ba ta saurin dawowa. Jiki yana ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorinsa wajen narkar da shi, alhali na sitaci 5 zuwa 10 ne, na mai bai wuce 3 ba. Yana kuma kare tsoka kada ta zube tare da kitse. Sai dai a wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, an raba mutum 811 kan tsare-tsare huɗu, wasu masu yawan furotin wasu matsakaita. Bayan shekara 2 duk sun tashi kusan kunnen doki, ragin kilo 4 a matsakaici. Waɗanda suka fi saukewa su ne waɗanda suka jure wa tsarinsu.

Ga lissafinki. Babban mutum yana bukatar giram 0.8 kan kowane kilo na nauyinsa. Mai rage ƙiba ta kai 1.2 zuwa 1.6, a lissafa da nauyin da ake son komawa. Kilo 70 ke nan giram 85 zuwa 110 a yini, a raba uku. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Dafaffiyar tsokar kaza mai faɗin tafin hannu, giram 100, tana ba da kusan 30, kifi 20 zuwa 25. Busasshen wake giram 100 yana da kusan 23, waken suya 36, kofin kindirmo 8. Da safe ƙwai 3 da kindirmo marar sukari. Da rana faten wake da alayyafo da kifi. Da dare kaza ko awara da miyar ganye da malmalar tuwo ƙarama, kwatankwacin dunƙulen hannunki. Hana wake da tsarin ya yi shi ne babban kuskurensa, domin wake ne ke haɗa furotin da harzar da hanji ke bukata don sauƙin bayan gida, ga shi ya fi nama araha nesa ba kusa ba.

Uwargida Mai Girki:

Malam ya gama da lissafi, bari in taɓa kayan ƙamshi. 'Yar uwa, babu yajin da ke narkar da kitse. Wanda aka fi bincike a kansa shi ne barkono, kuma abin da zafinsa ke ƙara wa jiki na ƙona kuzari bai wuce kalori 50 a yini ba, wato ƙasa da rabin cokalin man gyaɗa, tunda babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Zufar da ake yi bayan shan citta ba kitse ba ne ke fita.

Aikinsu na gaskiya a tukunya yake. Abin da ke karya masu wannan tsari shi ne gundura: dafaffen ƙwai yau, dafaffiyar kaza gobe, kafin kwana goma rai ya ƙi. Sai a koma suya da mai, a ƙara dunƙulen magi. Kayan ƙamshi ne ke sa a ci abinci marar mai da marmari.

Ga haɗin kaza rabin kilo, an cire fata: ɗanyar citta kamar babban yatsa, tafarnuwa ƙwara 4, attarugu 1, rabin ƙaramin cokali na masoro, rabin na kurkum, kanumfari 2 kacal, ruwan lemun tsami 1, kindirmo babban cokali 3, gishiri rabin ƙaramin cokali. A daka, a cuɗa da naman, a ajiye a firji awa 2 zuwa 4. Kada ya kwana, domin ɗanyar citta tana da sinadarin da ke narka tsokar nama, da safe za ki tarar ya yi laɓo-laɓo. A gasa, ko a turara a tukunya da albasa da mai ƙaramin cokali ɗaya. Kifi kuma minti 20 ya ishe shi, lemun tsami yana dagargaza shi in ya daɗe.

Garin kurkum da barkono suna ƙonewa cikin daƙiƙu a busasshiyar tukunya mai zafi su yi ɗaci, don haka a fara laushe albasa kafin a zuba su. Kimba a fasa ta a cire 'ya'yan, su ne masu ɗaci, ɓawon ake jefawa a farfesu. Kanumfari in ya wuce uku ya danne komai. Daddawa kuwa ita ce sirrin rage dunƙule: ƙwallo ɗaya a miya zai sa guda ɗaya ya isa inda ake jefa uku.

Mai Kantin Magani:

Ina tare da Uwargida, amma ina so in ja kunne kan shayin nan na safe da dare, domin abin da ake barbaɗawa a miya daban, wanda ake tafasawa a sha kofi-kofi kullum daban.

Girfar da ta cika kasuwa ita ce mai kaurin ɓawo, ja-ja, mai tauri. Tana da sinadarin kumarin da ke wahalar da hanta in ya taru. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyaka miligiram 0.1 kan kowane kilo a yini, wato miligiram 7 ga mai kilo 70, kuma ƙaramin cokali ɗaya na garinta na iya kai wannan ko ya wuce. A tsaya a rabin cokali, kuma ba kullum ba. Ta Siri Lanka, mai siraran ɓawo naɗe-naɗe da ke karyewa da hannu, kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai.

Kurkum na girki ba matsala. Matsalar ƙwayoyinsa ne da ake haɗawa da sinadarin masoro don jiki ya zuƙa da yawa. A 2019 an samu jerin masu kumburin hanta a Italiya da aka danganta da irinsu. Citta kada ta wuce giram 4 a yini, kuma shan ta da kanumfari cikin wofi yana tayar da ƙwannafi da gyambon ciki. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ta nemi shawarar likita kafin ta yawaita citta, tafarnuwa ko kurkum. Mai juna biyu ta bar hulba da wannan shayi baki ɗaya.

Batun ƙoda, mai lafiyayyar ƙoda giram 110 ba zai dame ta ba. Amma ciwon ƙoda yana daɗewa bai nuna alama ba, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Irin waɗannan su yi gwajin jini na kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, da na fitsari kafin su fara. Mai allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide, in ta yanke sitaci kwatsam ba a rage mata magani ba, suganta zai faɗi: rawar jiki, zufa, jiri, har suma. Nama zalla kuma yana kawo taurin bayan gida, warin baki da ciwon kai, yana tayar da ciwon gaɓɓai na gawut, yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Saukar da ta wuce kilo ɗaya da rabi a mako, mako bayan mako, tana haifar da tsakuwar matsarmama. A sha ruwa lita 2 ko fiye, lokacin zafi a ƙara.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To tsire da kilishi fa, sun shiga lissafi?

Malamin Abinci:

Sun shiga, amma da sharaɗi. Yajin tsire garin ƙuli ne da gishiri da dunƙule, ana kuma yayyafa mai a kan wuta. Kilishi ana tsoma shi a labu, wasu har da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Jan nama dafaffe kada ya wuce giram 500 a mako. Ki zaɓi balangu mai tsoka zalla, sau ɗaya ko biyu a mako, a cire kitsen, a zuba miki yaji a gefe, ki ci da kabeji, albasa da tumatir. Awon nauyi kuma sau ɗaya a mako da safe kafin karin kumallo, ki haɗa da auna ƙugu da tef daidai cibiya.